Ranar da Injiniya Ya Tashi Fasa Dokin Ƙofa

A duk layin nan babu wanda ya kai Injiniya sanin kayan aiki. Shagon kayan gini gare shi a bakin titi, in ka shiga sayen ƙusa sai ka fito da lacca a kan ƙarfe. Zai ɗauko guduma ya jujjuya ta, ya gaya maka nauyinta da irin itacen ƙotarta da irin mutanen da bai kamata a bari su riƙe ta ba. Abin da ba wanda ya taɓa gani shi ne ya bugi wani abu da ita. Sunan Injiniya ma shi ya raɗa wa kansa, mutane suka karɓa don ba abin da ya rage su da shi.

To, a bakin ƙofar gidansu akwai dokin ƙofa, wani tudun siminti da ya kai rabin ƙwauri, wanda sai ka ɗaga ƙafa sosai kafin ka shiga. An daɗe ana ce masa ya rage shi, yana cewa yana cikin tsari. Yana cikin tsarin nan Inna, mahaifiyarsa, ta yi tuntuɓe da shi ta faɗi ta karye a ƙugu. Ta daɗe kwance a asibiti. Da likita ya ce ko an sallame ta sai dai a keken guragu, ƙanensa Direba, mai jan motar haya, ya zo ya same shi da maganar a fili.

"Yaya, keke ba zai hau wannan abin ba. Inna kuma ta ce ba za a riƙa cicciɓar ta kamar buhu duk ranar komawa asibiti ba. Bari in kawo magini ya sauke shi."

"Magini? A gidana? So kake a ji a gari wai mai sayar wa magina guduma ya ɗauko magini?"

"To ka yi da kanka. Amma in ranar sallama ta zo keke bai shiga ba, gidana zan wuce da ita. Can ƙasa a shafe take."

"Kai dai je ka. Wannan aikin shan shayi ne."

Ita kuwa Inna ba ta da zance sai na ɗakinta, ɗakin da ta tsufa a cikinsa, mai tagar da ke kallon tsakar gida. Shi ma Injiniya, duk da cika bakinsa, yana son uwarsa har cikin ransa, kuma yana ganin in aka wuce da ita gidan ƙane yana babba yana raye, ba shi da sauran fuskar fita layi.

Makonni suka shuɗe. Ya auna dokin ƙofar ta tsawo, ya auna ta faɗi, ya sake aunawa ko ya canja. Rana guda ya ce zafi ya yi yawa siminti zai yi gardama, washegari ya ce akwai alamar hadari. Gaskiyar magana, shagon Mai Aski yana manne da gidan, bencinsa kuma ƙofar yake kallo, ba ya rabo da masu jiran layi da masu jiran abin magana. Duk sanda Injiniya ya leƙo da guduma ya ga idanun nan jere, sai ya tuna ashe tef ɗin awo ya fito nema.

Ranar sallama ta zo. Da hantsi sai ga Injiniya ya fito da hular kwano, da riga mai ƙyalli irin ta masu aikin titi, da takalmin roba har gwiwa, duk sababbi daga shago, takardar kamfani tana reto a wuyan rigar. Yana tura baro cike da guduma da diga da shebur da filaya, ga tsani a kafaɗa. Ya tsaya gaban benci ya gyara murya.

"Jama'a, na gano asalin ciwon nan na jan ƙafa da ke damun mutanenmu. Kowa cewa yake lalaci ne. Ba lalaci ba ne. Mutum yana ɗage aiki ne don yana da hanyar komawa. Muddin za ka iya rufe ƙofa ka je ka kwanta, ba za ka yi ba. Maganin shi ne ka toshe wa kanka hanyar komawa."

Mai Aski bai ɗago daga kan da yake yi wa aski ba. "To kai ka kamu da ciwon ne, Injiniya, ko magani kawai kake rabawa?"

"Ni a kan wasu na yi bincikena."

Saje, tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya, wanda gidansa ya haɗa katanga da na Injiniya, yana zaune a ƙarshen benci yana jiran layi. Ya ce, "Mu ga binciken."

"Yanzu kuwa. Zan cire ƙyauren gidan nan gaba ɗaya. Mai iyali ba zai kwana gida a buɗe ba. Ka ga dole in gama yau ko ina so ko ba na so."

Ƙyauren na ƙarfe ne, mai nauyin gaske. Injiniya ya tsaya ta waje ya fara kwance ƙusoshin da ke riƙe da shi, yana bayanin kowace ƙusa. Yana zare ta ƙarshe ƙyauren ya sunkuyo kamar zai gaishe shi. Ya yi tsalle gefe, 'yan benci suka watse, ƙyauren ya sauka a kan bencin, ƙafar bencin ta karye.

Saje ya karkaɗe wandonsa. "Wannan ma yana cikin tsarin?"

"Ƙyaure ya sauka, abin da ake so ke nan. Hanyar saukar ce kawai ta ɗan bambanta."

Matar Injiniya ta fito daga ɗakin Inna da tsintsiya a hannu, don tun safe take shara da shimfiɗa. Ta ga titi yana kallon ta.

"Baban yara, ina ƙofar?"

"Ga ta can tana hutawa."

"Dokin ƙofa aka ce, ba ƙofa ba."

"Maman yara, ki bar wa masu aiki aikinsu."

Ya ɗauko babbar gudumar ya tsaya a kan dokin ƙofa. Da yake benci ya karye, masu zama duk sun miƙe sun matso, har masu wucewa sun tsaya. Ya ɗaga gudumar sama. Wuri ya yi tsit. Sai ya ji gudumar da ya sha yabo ta yi masa wani irin nauyi. In ya buga ya kuskure fa? In ya samu amma ko ɓallewa bai yi ba fa? Mai Aski zai ba kowane kai labarin har ya daina aski. A hankali ya sauke ta ya jingine.

"Kun gani? Da jahili ne da tuni ya buga. Wa ya san abin da ke ƙarƙashi? Bututun ruwan gidan nan ta wani wuri ya shigo. Sai na nemo shi na san hanyarsa, kada a yi ɓarna."

Ya tsallaka cikin gida da diga. Ita ƙasa ba a kuskuren ta, duk inda ka sara ka samu, don haka ya kama sara da ƙarfinsa yana jin daɗi. Ya so a ce ya kuɓuce wa idanu, amma ya manta shi ya cire ƙyauren. 'Yan kallo suka cika bakin ƙofa, tsofaffin cikinsu suka zauna a kan dokin ƙofar, suna cewa ai ya fi bencin daɗi.

Bai yi nisa ba digar ta yi wata ƙara, ruwa ya yi tsiri sama ya ɗauke masa hular kwano.

Ya goge fuska. "Na same shi."

"Mun shaida," in ji Saje.

Matar ta ce, "Rufe makullin ruwan mana."

Makullin ruwan gidan ya lalace tun bara, shi ma yana cikin tsari. Ruwa ya malale tsakar gida, ya nufi ɗakin Inna kai tsaye kamar an aike shi. Nan fa hankalin Injiniya ya tashi da gaske. Ya ja rami daga inda bututun ya fashe, ya ratsa ta bayan ƙofar shigowa, ya bi gindin katangar Saje har zuwa magudanar baya. Yana haƙa yana haki, yana kuma gaya wa jama'a cewa a manyan ayyuka ma haka ake karkatar da kogi. Ramin ya yi zurfi har gwiwa, tushen katangar ya fito fili ruwa yana lasar sa.

Wayarsa ta yi ƙara. Direba ne daga asibiti.

"Yaya, likita ya sa hannu, magani kawai muke jira. Ina aka kwana?"

"Aiki ya yi nisa sosai."

"An fasa?"

"An fasa abubuwa da dama."

"Wannan ƙarar ruwan fa da nake ji?"

"Jiƙa wurin nake yi saboda ƙura. Kada ku yi gaggawa, ku bi da ita a hankali."

Ya kashe waya ya dubi dokin ƙofa. Masu zama a kai suka yi alamar tashi su ba shi wuri. Ya yi sauri ya ɗaga kai sama, sai idonsa ya faɗa kan wayar wuta da ta bi ta saman ƙofar, feshin ruwa yana ɗan taɓa bangon kusa da ita.

"Ku zauna tukuna. Rai ya fi komai. Ruwa da wuta ba sa haɗuwa, sai na raba su."

Wani daga cikin tsofaffin ya ce, "Ba za ka kashe ta daga mita ba?"

"Mita na masu koyo ne."

Ya kafa tsani ya hau da filaya, ya datse wayar. Wuta ta yi tartsatsi, ya saki filayar, ya sauko tsanin ba ta matakala ba. Fankar falonsa ta tsaya. A shagon Mai Aski kuma, da yake waya ɗaya ce ta rabu biyu, injin aski ya yi shiru a tsakiyar kan Saje, wanda layinsa ya zo ke nan.

Saje ya fito da ƙyallen aski ɗaure a wuya. Ɓarin kansa na dama fes kamar ƙwai, na hagu yana nan da furfurarsa cunkus. Bai ɗaga murya ba, shi ya sa abin ya fi ban tsoro.

"Injiniya, dube ni."

"Ina kallo, Saje. Wallahi bai yi muni ba. Samari ma yanzu neman irin sa suke yi."

"Na yi aikin ɗamara har na tsufa. Na je gidajen da ɓarayi suka kwana suna aiki. Ban taɓa ganin sun yi wa gida abin da ka yi wa naka ba."

"Duk babban aiki a tsakiyarsa haka yake kama."

"Kaina ma babban aiki ne?"

Mai Aski ya leƙo da mataccen inji a hannu. "Ni dai a gaya min ranar da za a dawo da wuta, in faɗa wa masu rabin kai."

Saje ya kwance ƙyallen ya miƙa masa, ya ce zai je ya wanke gashin da ke cin sa a wuya, in ya fito za su yi magana ta hukuma. Ya shige gidansa.

Ruwa dai bai fasa zuba ba, rami ya cika yana neman tumbatsa. Matar ta tsaya a ƙofar ɗakin Inna tana tare shi da tsumma da tsintsiya. Injiniya ya ɗauki babban sifana ya fita da gudu zuwa bakin layi, inda babban makullin ruwan unguwa yake. Ya rungume shi ya murɗa har ya rufu. Ruwan gidansa ya tsaya cak. Wannan ne abu na farko da ya yi tun safe ya yiwu, don haka ya dawo yana tafiyar ƙasaita, sifana a kafaɗa.

"Wa ya ce ilimi ba ya rana?"

Bai rufe baki ba matan layi suka fara fitowa, wata da hannu duk kumfar wanki, wata da tukunya, wata da jariri tsirara rabin wanka. Kowa tambaya ɗaya take yi, 'yan kallo kuma suna nuna mata mai hular kwano.

"Malam, kai ka ɗauke mana ruwa?"

"Na ɗan lokaci ne, Hajiya, don amfanin kowa."

"Amfanin wa? Zo ka gaya wa yaron nan amfanin."

Ana cikin haka aka ji murya daga bayan katanga. Banɗakin Saje a jikin katangar yake, kuma ruwa ya ɗauke masa yana tsaka da sabulu.

"Injiniya. Na san kai ne."

"Saje, ɗan yi haƙuri, ana kan aiki."

"Sabulu na cikin idona. Buɗe ruwan nan."

Ya haɗa da dukan katangar da tafin hannu. Katangar da ta yini ƙafarta a ruwa ba ta jira duka na uku ba. Ta yi wani nishi, ta karkato, ta kwanta a tsakar gidan Injiniya, bulo ya tarwatse ko'ina. Allah ya kiyaye ba kowa a wurin. Da ƙura ta lafa sai ga Saje tsaye, daga shi sai gajeren wando da kumfa, ido a rufe, hannu a sama yana laluben bangon da babu shi. Matan suka juya baya suna ƙyaƙyatawa, tsofaffin kan dokin ƙofa har da riƙe ciki. Wani ya cilla masa ƙyallen aski ya rufa.

Matar Injiniya ba ta yi dariya ba. Ta jawo hannun rigarsa zuwa ƙofar kicin, ta rage murya.

"Baban yara, tun safe ka taɓa komai a gidan nan ban da abu ɗaya."

"Ai mataki-mataki ne. Sai an share fage."

"Ba fage ba ne. Tsoro kake ji."

"Ni? Tsoron siminti?"

"Tsoron mutanen nan. Kana tsoron ka buga ka kuskure su gani. Ka gwammace ka rushe mana gida da a ce Injiniya bai iya riƙe guduma ba. To ga shi sun ga wanda ya fi haka. Je ka buga, don girman Allah, kafin su iso."

Maganar ta shige shi har ƙashi, don ya san gaskiya ce. Ya ji kunya ta rufe shi, har ya ɗaga ƙafa zai nufi gudumar. Amma bakinsa ya riga ƙafarsa.

"Bari rana ta ɗan sauka daga kansa. Siminti mai zafi tsalle yake yi."

Sai aka ji hon a bakin layi.

Motar Direba ta shigo a hankali tana ratsa taɓo da mutane. Ya tsaya, ya fito, ya dubi ƙyaure kwance a kan benci, ya dubi waya tana reto, ya leƙa ya ga rami da tarin bulo da Saje a cikin ƙyalle.

"Yaya, gobara aka yi ko ambaliya?"

"Kai ba ka san aiki ba. Wannan duk shiri ne."

Inna tana kujerar baya. Ta rame, hannuwanta a kan cinya, amma idonta yana nan yadda yake. Ta sauke gilashi ta kira shi da sunan da take kiran sa tun yana yaro.

"Babba, zo nan."

Ya cire hular kwano ya je ya durƙusa a gefen motar, cikin taɓo. "Sannu da zuwa, Inna. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Me aka ce ka yi?"

"Dokin ƙofa, Inna."

"Ga shi can kuwa, ya fi ni lafiya."

Wasu suka fara dariya, suka haɗiye da suka ga fuskarta.

"Ɗauki gudumar ka buga, ina kallo."

"Inna, ai sai an duba yanayin..."

"Ban ce ka yi min bayani ba."

Ba yadda zai yi. Tsofaffi suka tashi daga kan dokin ƙofar, jama'a suka ja baya suka yi da'ira. Layin kaf yana nan, har Saje da ido jajur. Injiniya ya ɗaga gudumar, ya runtse ido ya sako ta. Ta wuce dokin ƙofar ta daki taɓo, taɓon ya fantsamo masa har baki.

Dariya ta tashi kamar za a tsaga layin. Wannan ce dariyar da ya yi makonni yana gudu. Ta zo, ta yi iya yinta, ta wuce, ya duba ya ga bai mutu ba.

"Sake," in ji Inna.

Ya sake, wannan karon ido a buɗe. Gefen simintin ya ɓalle. Ya ƙara, sai ga tsaga daga wannan gefe zuwa wancan. Ashe fatar ce kawai siminti, cikin duk yashi ne da ɓaraguzan bulo. Kafin Saje ya gama goge kumfar kunnensa, dokin ƙofar da aka yi mako da makonni ana aunawa ya zama tarin tsakuwa. Direba ya sa shebur ya kwashe, wuri ya yi daidai da ƙasa.

Da mai hankali ne da ya yi shiru a nan. Amma Injiniya yana ganin wuri ya shafe sai bakinsa ya dawo.

"Jama'a, kun gani da idonku. Me na ce da safe? In ka toshe hanyar komawa, dole aiki ya yiwu. Kawo keken nan, ƙanena, in gwada muku. Injiniyan kirki shi yake fara hawa abin da ya gina."

Kafin Direba ya hana, ya zaro keken daga bayan mota ya buɗe ya zauna, ya ɗora hular kwano, ya tura tayoyin da dukkan ƙarfinsa. Keken ya bi ta bakin ƙofar sumul, ko girgiza bai yi ba. Ya waiwayo yana ɗaga wa jama'a hannu. Tayoyin gaba suka faɗa ramin da ya haƙa a bayan ƙofa, keken ya tuntsure, Injiniya ya tafi da ka cikin ruwan taɓo, takalman roba biyu suna kallon sama.

Mai Aski ya zauna a ƙasa don dariya. Saje ya ce shi dai ya yafe maganar hukuma, an biya shi. Direba ya shiga ya ciro keken tukuna, ya bar yayansa ya fito da kansa, ya ɗauko tsumman mota yana goge tayoyin.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta cikin ƙofar da ba ƙyaure take hangen ɗakinta a can ƙarshen tsakar gida, labulen da aka wanke yana motsi. Tsakaninta da shi akwai rami, da tarin bulo, da gidan da ba ruwa ba wuta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta kira surukarta.

"'Yar nan, ɗauko min matashina da rediyona."

Dariya ta mutu a layin. Matar ta tattare zane ta tsallake ramin, ta bi ta kan bulo, ta dawo da su tana share ido da gefen mayafi. Injiniya ya taho jikin motar, taɓo na ɗiga daga gemunsa, muryarsa ta koma ƙarama.

"Inna, don Allah kada ki tafi. Ki ba ni zuwa jibi, wallahi komai zai..."

"Kada ka sa rana, Babba." Ba faɗa a muryarta, gajiya ce kawai. "Duk kwanan da na yi a asibiti ɗakin nan nake gani in na rufe ido. Abin da ka yi yanzun nan, da ka yi shi da safe, da yau a gadona zan kwana."

Direba ya naɗe keken ya sa a baya, ya shiga ya tayar da mota, ya yi baya a hankali saboda taɓo. Inna ta rungume matashin a ƙirjinta, ba ta sake duban gidan ba.

Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tsokane shi, abin da ya fi tsokanar ciwo. Injiniya ya tsaya a bakin ƙofar da keke zai iya shiga yanzu, har motar ta sha kwana. Daga cikin gida ya ji matarsa ta jawo ƙofar ɗakin Inna ta rufe.